Ashe ina da kaso a dam ban sani ba, dole ne sai na biya kuɗin gyara?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango, sai ku yi haƙuri da tsawon zancen.

Ni Bakano ne, amma shekara 9 ke nan ina zaune a gefen birnin Columbia, jihar Carolina ta Kudu a Amurka. Shekara 3 da suka wuce muka sayi gida a wata unguwa mai gida 46, da ɗan tafki a tsakiyarta. In faɗi gaskiya, tafkin ne ya sace zuciyar uwargida. Ba wani babba ba ne, minti 25 ya isa ka zagaye shi da ƙafa. Akwai agwagi, akwai kifi, tsofaffin unguwa suna fitowa da yamma da fatsa da kujerunsu, yara suna tuƙa ɗan kwale-kwale ranar Asabar. Gidanmu ma ba a bakin ruwan yake ba, layi na biyu muke, sai ka hau sama ka leƙa ta tagar ɗakin yara kake hango shi.

Duk tsawon lokacin nan ni na ɗauka tafki ne na Allah da Annabi, kamar kududdufin bayan gidanmu. Titin da nake bi kullum in kai yara makaranta, ruwa a dama gangare a hagu, ban taɓa kawowa a raina cewa a kan dam nake tuƙi ba. Sai makon jiya takarda ta zo daga ƙungiyar masu gidajen unguwar. Wai sifeton hukumar jiha ya duba dam ɗin ya ce ya lalace, kuma an mayar da shi sahun masu babban haɗari. Wai injiniyan da aka ɗauko ya ce sai an sauya bututun da ya ratsa ta ƙarƙashinsa, an cire itatuwa, an faɗaɗa hanyar da rarar ruwa ke bi. Da aka raba kuɗin, kowane gida dala 11,000. Sai da na cire tabarau na goge na sake karantawa.

Na je na tono takardun sayen gida, waɗanda lauya ya yi ta turo min ina sa hannu ban karanta ko rabinsu ba. Can cikin tsakiya ga shi a rubuce ƙarara: tafkin da dam ɗin mallakar ƙungiya ne, kuma duk mai gida ɗan ƙungiya ne. Dillalin da ya nuna mana gidan bai ce uffan ba, shi dai ga ruwa, ga iska, ga tsuntsaye.

Ranar Lahadi na sa takalmin ruwa na gangara bayan dam ɗin in ga abin da ake magana a kai da idona. Daga sama ba ka sanin tsayinsa, sai ka sauka ka ɗaga kai, ya kai gidan sama hawa biyu. Ƙasa ce zalla, ba siminti. Tsofaffin unguwa sun ce tun shekarun 1960 aka yi shi. Jikinsa duk itatuwa ne, akwai guda huɗu da ba zan iya rungume su ba. A gindinsa akwai wani wuri da ciyawa ta yi kore shar alhali ko'ina ya bushe, na taka ƙafata ta nutse har idon sawu, ruwa yana tsattsafowa siriri kamar famfon da ba a ɗaure da kyau ba. Bakin bututun kuwa ƙarfe ne irin na kwalbati mai tudu da kwari kamar kwanon rufi, ƙasansa tsatsa ta cinye, na tura sanda ta wuce ba tare da na yi ƙarfi ba. Na ga ramuka biyu kamar na gafiya.

Abin da ya hana ni barci shi ne da na juya baya. Taku ɗari biyu ko ƙasa da haka, bayan 'yan itatuwa, ga layin sababbin gidaje a cikin kwarin. Ba 'yan unguwarmu ba ne. Akwai lilon yara a bayan gida na farko, da wani ɗan keke ja a yashe.

A taron da aka yi jiya an rabu gida uku. Na bakin ruwa sun ce a gyara kuma kowa ya biya daidai. Mu na layin baya wasu sun ce wanda ke cin moriya shi ya biya, in ba haka ba a zubar da ruwan kowa ya huta. Sai wani tsoho da ya miƙe ya ce dam ɗin nan ya ga ambaliyar 2015 bai girgiza ba, don haka duk zancen banza ne.

Tambayata ga masana: ruwan nan da ke tsattsafowa alamar ɓallewa ce ko haka duk dam yake yi? In gwamnati ce ke dubawa, me ya sa ba ita ke gyarawa ba? Ni da ba na bakin ruwa, akwai hanyar da zan zame? Allah ya ba da ikon taimakawa.

Ɗan Kurmi:

Wa alaikumus salam. Malam, kai dai an ga baƙo an ga wurin tatsa. Injiniya da ɗan kwangila Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, wanda ya ce dam ya lalace shi ne zai kawo mai gyara. Harajin gida da kuke biya duk shekara na mene ne in ba irin wannan ba? Ni in ni ne, gobe zan kafa allon sayarwa in ƙara gaba. Dala 11,000 a canjin yau ai fili ne a bayan gari har da katanga.

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Na yi aikin madatsun ƙasa a Kano da Jigawa shekaru da dama, daga baya na yi wasu shekarun a jihar Jojiya, maƙwabciyarku, kafin gwiwa ta ce in zauna. Ban ga dam ɗinku ba, amma abin da ka zayyana na gan shi ba sau ɗaya ba.

Mu fara da ruwan. Babu dam na ƙasa da ba ya naso. Ruwa yana ratsa ƙasa a hankali, mai zane ya san da haka, shi ya sa a wanda aka yi da ƙa'ida ake sa matatar yashi da tsakuwa a gindinsa, ruwa ya fita ƙasa ta tsaya. Abin tsoro shi ne ranar da ruwan ya fara fita da ƙasa. Gobe ka ɗauki kwalba fara, ka ɗebo ruwan daga daidai inda yake ɓulɓulowa, ka ajiye a kan taga awa biyu. In ya zauna garau, da sauƙi. In ka ga laka ko yashi ya kwanta a ƙasan kwalbar, to dam ɗin ne yake fita da kaɗan-kaɗan. Ruwan yana haƙa wa kansa hanya daga baya zuwa gaba, kamar yadda gara ke cin azara ta ciki, waje lafiya lau. Ranar da hanyar ta isa tafkin, daga kaurin yatsa zuwa faɗin mota ba ya ɗaukar yini guda. Idan ka ga ruwan ya yi jaja-jaja kamar tsatsa, wannan sau da yawa sinadarin ƙarfe ne na cikin ƙasa, ba shi nake nufi ba. Laka nake nufi. Sannan ka auna yawansa: ka sa bokiti, ka duba agogo, ka rubuta. Ka maimaita duk mako a wuri ɗaya. Ƙaruwa ba tare da an yi ruwan sama ba ita ce maganar.

Bututun ya fi damuna a kan itatuwan. Irin wannan ƙarfen na kwalbati an yi ta sa shi a ƙananan madatsu a shekarun 1950 da 1960 saboda arha, kuma ba a yi shi don ya shekara 60 a cikin ruwa ba. In bakinsa da ke shan iska ya huje har sanda ta wuce, ka ƙaddara cikin ma haka yake. Bututu mai huji yana tsotsar ƙasar da ke kewaye da shi ya fitar, sai kogo ya samu a cikin dam ba wanda ya sani. Ka duba titin da ke sama, daidai saitin bututun. In kwalta ta ɗan lotsa ko ta tsage a wurin, kar ka jira taron ƙungiya, a ranar za ka kira hukuma.

Itatuwa kuma, don Allah kar wani mai zafin nama ya ɗauko zarto ya sare manyan. Ƙanana a sare. Manya in aka sare aka bar kututture, saiwar za ta ruɓe a ciki ta bar hanyoyi kamar an shimfiɗa wa ruwa bututai. Sai an rage ruwan tafkin, an tono saiwar, an cike ramin da yumɓu ana daddaɓewa hawa-hawa. In an bar su kuma, iska mai ƙarfi ta tuge guda ɗaya ta tafi da ɓangaren dam ɗin. Ramukan da ka gani ba gafiya ba ce, amma 'yan uwanta ne na can, kuma aikinsu ɗaya.

Hanyar rarar ruwa ita ce indararon dam. Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san abin da ke faruwa in indararo ya toshe a watan Agusta: ruwa ya kwanta a kan rufi, ya nemi hanya da kansa. Dam na ƙasa ba ya jure ruwa ya hau kansa ya gangara ta baya, yankan sa yake kamar wuƙa a sabulu. An yi wa naku indararo daidai da daji da gonakin da ke kewaye da shi a 1960 da wani abu. Yau duk wurin rufin gidaje ne da kwalta, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa yanzu gaba ɗaya tafkin yake gangarowa, kuma a lokaci guda.

Yanzu maganar babban haɗari, don mutane suna yawan juya ta. Wannan matsayin ba ya magana a kan lafiyar dam, yana magana ne a kan abin da ke ƙasa da shi. Sabon dam fil na iya zama mai babban haɗari, ruɓaɓɓe a tsakiyar daji na iya zama mai ƙaramin haɗari. Ma'anarsa kawai, in ya ɓalle ana sa ran asarar rai. Lilon nan da ka gani shi ya ɗaga matsayin naku. Ba ku kuka gina gidajen ba, ba a tambaye ku ba, amma nauyin ya dawo kanku. Akwai rashin daɗi a ciki, na yarda, sai dai haka dokar take. A jiharku dam yana shiga hannun hukuma in ya kai ƙafa 25 a tsayi, ko yana riƙe ruwan da zai rufe eka 50 zurfin ƙafa ɗaya, ko kuma, komai ƙanƙantarsa, in ɓallewarsa za ta iya kashe mutum.

Me ya sa gwamnati ba ta gyarawa? Saboda ba nata ba ne. Rajistar madatsun Amurka, wadda rundunar injiniyoyin soja ke riƙe da ita, tana da fiye da 90,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku na masu zaman kansu ne: manoma, ƙungiyoyin unguwa, kulob-kulob, coci-coci. Shaƙatawa ce kan gaba a dalilan da aka gina su. Hukumar jiha kamar masu duba lafiyar mota take, ta ce birkinka ya mutu, ba ta saya maka sabo. Sifeton nan in ya zo yau, sai bayan shekara ɗaya ko biyu ya sake leƙowa, ya yi 'yan awanni ya tafi, don madatsun da ke wuyansa sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Sauran ranakun duk naku ne. Mai duba dam na gaskiya shi ne wanda ke wucewa ta kansa kullum zai kai yara makaranta.

Ko wannan ɗan dubawar ma da jini aka saye ta. A Jojiya, daren 6 ga Nuwamba 1977, wani tsohon dam na ƙasa da ke saman kwalejin Toccoa Falls ya ɓalle wajen ƙarfe 1:30 na dare bayan kwanaki ana ruwa. Tafkin shaƙatawa ne a lokacin, itatuwa sun rufe jikinsa. Mutum 39 suka mutu, da yawansu yara, a gidajen ɗalibai masu iyali da ke cikin kwarin. Jimmy Carter ne shugaban ƙasa a lokacin, kuma ɗan jihar ne. Bayan nan ya sa injiniyoyin soja suka bi dubban madatsun da ba na tarayya ba suna dubawa, Jojiya kuma ta yi dokarta a 1978.

Tsohon da ya ce dam ɗin ya ga 2015, a gaishe shi, amma a tuna masa cewa a farkon Oktoban shekarar wasu sassan Columbia sun samu ruwa sama da inci 20 cikin 'yan kwanaki, madatsu kusan 50 suka ɓalle a faɗin jihar, mafi yawansu ƙanana irin naku. A rafin Gills Creek jere suke, na sama ya ɓalle ya juye wa na ƙasa. Su ma kafin ranar kowanne ya ga ruwan shekaru bai girgiza ba. Tsira daga wancan ba shaida ba ce a kan bututun da ya ƙara shekaru yana tsatsa.

Ɗan Kurmi yana da gaskiya a abu guda: ku nemi injiniya na biyu mai lasisi, wanda ba shi da alaƙa da ɗan kwangila, ya duba rahoton, a kuma tura kyamara cikin bututun. Wani lokaci ana iya zura sabon bututun roba a cikin tsohon a cike tsakaninsu da ruwan siminti, ya fi tona dam arha nesa ba kusa ba. Zubar da tafkin ma ba kyauta ba ne, sai da izini da zane, ga lakar shekara 60 da ba za a bari ku sake wa na ƙasa ba. Abin da za a iya yi da wuri kuma da arha shi ne rage ruwan da ƙafa biyu ko uku, a hankali, ba a dare ɗaya ba, don in aka janye ruwa da sauri fuskar dam ta ciki kan zame.

Maman Walid:

Salamu alaikum. Baba Injiniya ya gama magana a kan ƙasa da bututu, ni abin da na gani zan faɗa. Muna Midland a jihar Michigan lokacin da dam ɗin Edenville ya ɓalle, 19 ga Mayu 2020. Ba zan manta ba don goman ƙarshe na azumi ne, ga korona, kowa a kulle a gida. Da yamma ina haɗa kayan buɗa-baki wayoyinmu suka hau ƙara gaba ɗaya, wai a fita. A mota muka sha ruwa ranar, da dabino da ruwan gora, yara uku a baya da bargo. Mutum wajen 10,000 aka kwashe. Ruwan ya gangaro ya haye dam na biyu, na Sanford, washegari kogin Tittabawassee ya kai ƙafa 35 a Midland, abin da bai taɓa yi ba. Ikon Allah ba a rasa rai ba, kuma dalilin shi ne an fara fitar da mutane tun kafin ya ɓalle.

Na san ya fi naku girma sosai, a da har wuta ake samarwa da shi, amma na kamfani ne mai zaman kansa, kuma mutanen da ke kewaye da tafkinsa, wato tafkin Wixom, don kwale-kwale da kamun kifi suke wurin. Tun 2018 hukumar tarayya ta ƙwace lasisin kamfanin saboda shekara da shekaru ana ce masa ya faɗaɗa hanyar rarar ruwa bai yi ba. Kowa ya sani. Ana ta ja-in-ja a kan wa zai biya, da ko a rage ruwa ko kar a rage. Bayan abin ya faru kamfanin ya je kotu ya ce ya karye. Da muka je kallon wurin daga baya, kwale-kwale ne a kife cikin taɓo, gadojin katako na bakin ruwa a tsaye a kan busasshiyar ƙasa. Jiha ta ba da tallafi mai kauri, duk da haka sai da aka ɗora wa masu gidajen bakin tafkunan wani kuɗi na musamman da za su yi shekaru suna biya don a sake ginawa.

Abu biyu, Baban Hanifa. Inshorar gida ta yau da kullum a nan ba ta biyan ɓarnar ambaliya, daban ake sayen ta, kuma ta gwamnati sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Maƙwabtanmu da yawa a ranar suka san haka. Ka tambayi ƙungiyarku ko tana da inshorar da za ta biya mutanen ƙasa in dam ya ɓalle, a nuna maka takardar da idonka, don wasu kamfanonin suna cire dam daga ciki. Na biyu, maganar sayar da gida a gudu, ka tambayi lauya tukun. Takarda ta riga ta zo hannunka, ɓoye ta ga mai saye wata rigimar ce.

Dattijon Bebeji:

Assalamu alaikum. Ni ban san Amurka ba, jikana ne ya karanta min, na ce ya rubuta min amsa.

Ina da ƙarfina lokacin da dam ɗin Bagauda ya ɓalle a watan Agustan 1988. Na gwamnati ne, tun zamanin Audu Bako, har da otal a bakinsa da manya ke zuwa hutu. An yi kwanaki ana ruwa, sai ya tafi. Gero da dawa sun kusa kai, ruwa ya kwantar da su, ya tafi da dabbobi da gidaje, an rasa rayuka. Waɗanda abin ya ci ba su ne masu zuwa hutu ba, yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar otal ɗin ba.

Abin da ya sa na ce a rubuta, yanzu a nan ma ya zama yayi. Mai kuɗi ya sayi gona a bakin rafi, ya kawo katafila ta tura ƙasa ta tare ruwa, a zuba kifi, a gina rumfar hutawa. Na ga guda da idona, direban katafila shi ne injiniyan, ba a bar wa ruwa hanya ba sai wani ɗan bututu da akuya ba za ta shige ba, kuma ƙauye na ƙasa. Ku can har sifeto yana zuwa ya rubuto takarda. Jikana ya ce a Kenya an yi irinsa a 2018, a wani wuri Solai, dam ɗin wata gona ya ɓalle da dare ya kashe mutum fiye da 40.

Yaro, ka ce ko akwai hanyar zamewa. Ta wajen lauya ban sani ba. Amma malamanmu na fiƙihu sun yi magana a kan katangar da ta karkata ta kan hanya: in an ja kunnen mai ita, aka kafa shaida, ya samu lokacin gyarawa bai gyara ba, ta faɗa wa wani, to lamuni yana kansa. Kafin takardar nan ta zo kana da uzurin rashin sani. Ta zo, ka karanta, ka ma je ka gani. Ku yi ta jayayya a kan rabon kuɗi, wannan hakkinku ne, na bakin ruwa ya fi ka cin moriya, ba laifi ya fi ka biya. Amma mutanen kwarin nan, an gaya musu?

Baban Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Bebeji, Allah ya ƙara lafiya, tambayarku ta ƙarshe ce ta tashe ni daga kan kujera.

Baba Injiniya, na yi yadda kuka ce. Na wanke kwalbar zuma na ɗebo ruwan, ya yini a kan taga, garau yake, ba ko ɗigon laka. Bokitin fenti ya cika a minti 6 da 'yan daƙiƙu, na rubuta a bayan kalanda. Sai dai titin. Na bi shi a ƙafa, kuma daidai saitin bututun akwai wani faci na kwalta, baƙi, sabo a kan tsoho. Na tambayi maƙwabcina da ya fi ni daɗewa, ya ce ai wurin sau biyu ana cike shi, lotsawa yake yi, sun ɗauka aikin kwalta ne mara kyau. Na ɗauki hoto na aika wa hukuma da injiniyan ƙungiya a ranar. Washegari suka zo su biyu, suka daɗe a wurin, ba su yi dariya ba. An hana motar shara da manyan motoci bi ta kai, an shimfiɗa wasu bututan roba uku ta saman dam suna zuƙo ruwa a hankali. Ya sauka kusan ƙafa biyu yanzu. Na bakin ruwa sun fara ƙorafin warin taɓo, wata ta ce agwaginta sun gudu.

Ranar Asabar ni da sakataren ƙungiya muka gangara kwarin muka ƙwanƙwasa ƙofofi. Gida 9 ne. A gidan mai lilo wata mata ce ta buɗe da jariri a kafaɗa. Da muka ce mun zo ne a kan dam, sai ta ce wane dam? Shekara biyu tana wurin, ta ɗauka tudu ne kawai da itatuwa. Na nuna mata da hannu, ta tsaya tana kallo, ba ta ce komai ba, sai ta juya jaririn ɗaya kafaɗar. Mun karɓi lambobin waya na gida 7, biyu ba kowa. An ce dama doka ta wajabta mana tsarin gaggawa a rubuce, wa zai kira wa, wace hanya za a bi. Namu yana nan a fayil, amma mutum biyu daga cikin waɗanda aka rubuta a kira sun rasu, ɗaya ya koma Florida.

Ɗan Kurmi, ban kafa allo ba, amma na kawo maganar injiniya na biyu kuma an yarda, za a tura kyamara cikin bututun mako mai zuwa. Maganar rabon kuɗi kuwa tana nan inda take. Na ba da shawarar na bakin ruwa su biya kashi biyu mu kashi ɗaya, aka ce takardun ƙungiya sun ce daidai wa daida, sauya su sai kashi biyu cikin uku sun yarda, kuma na bakin ruwa su 19 ne, sun isa su hana. An ɗage ƙuri'a zuwa wata mai zuwa. Uwargida ta ce in dai za a biya, to daga yau kullum sai ta kai yara bakin ruwan, ko ana sanyi.

Baba Injiniya, tambaya ɗaya ta rage. An ce za a yi ruwa mai yawa daren Alhamis, kuma ni aka ba duban dare tunda ni na tono zancen. In na je da tocila, ban da kwalba da bokiti, me zan fara haskawa, kuma ruwan ya kai ina a jikin sandar awon tsayin ruwan tafkin kafin in fara kiran gidajen nan 7?